Ɗakin Tace Bidiyo a Gida: Me Zan Fara Saya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina ɗaukar bidiyon biki a Kano, ɓangaren mata, irin su kamu, sa-lalle da wuni, kuma ni nake tacewa da kaina a gida. Laftof ɗina Core i5 ce ta ƙarni na takwas, RAM 8, had-dis 500. Tun da na koma ɗauka da 4K take sarƙewa, ga zafi, batirin ko awa ɗaya ba ya yi. Maigida ya bar min ɗaki guda in mayar wurin aiki, na kuma tara 'yan kuɗi. Destof zan haɗa ko Mac zan saya? Da me zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya ƙara buɗi, ya saka wa maigida da alheri, don ɗaki sukutum a gidan aure ba ƙaramar kyauta ba ce.

Ki ɗan riƙe kuɗinki tukuna. Yawancin masu kawo min irin wannan ƙorafi sun riga sun yanke wa kwamfuta hukunci tun kafin su bincika, alhali sau da yawa laifin yana wani wuri. Kuma a nan wajenmu abin da ya fi durƙusar da mai tace bidiyo shi ne wuta da ɓacewar aikin mutane. Kwamfuta mai nawa lokaci kawai take ci miki. Faifan da ya mutu da bikin 'yar mutane a ciki, sunanki yake tafiya da shi, don ba za a sake yin kamu saboda ke ba. Saboda haka zan jera miki abin a yadda ni zan kashe kuɗin da a hannuna suke, sabuwar kwamfuta kuma tana can wajen ƙarshe.

Mu fara da sarƙewar. Hoton 4K ya ninka na 1080 sau huɗu a yawan ɗigo, wannan kowa ya sani. Abin da mutane ba su cika lura da shi ba shi ne yadda kyamara take matse hoton. Kusan duk kyamarorin da muke riƙewa, har da waya, da tsarin H.264 ko H.265 suke ajiyewa. A wannan tsari ba kowane hoto ake adanawa cikakke ba. Ana adana ɗaya cikakke, sai na bayansa a rubuta abin da ya canza kawai, haka har a kai ga cikakke na gaba. Kamar kayan lefe ne da aka danne a akwati guda: in kina son ɗankwalin da ke ƙasa sai kin ɗaga duk na samansa. Duk lokacin da kika ja layin aiki, wato inda kike jera bidiyon a manhaja, baya ko gaba, kwamfutar sai ta koma ta nemo cikakken hoton ta lissafo na tsakiya ɗaya bayan ɗaya. In kyamara biyu kika jera, aikin ya ninka. Shi ne kike jin fanka tana ihu hoto kuma yana tsalle.

Maganin wannan kyauta ne, kuma yana cikin manhajojin tace bidiyo, Premiere Pro da DaVinci Resolve da Final Cut duka. Ana ce masa furoksi. Manhajar za ta yi wa kowane bidiyo kwafi mara nauyi, ƙarami, a tsarin da kowane hoto yake tsaye da kansa, wato ProRes ko DNxHR. Da wannan kwafin za ki yi yanka da jeri, sai lokacin fitar da aiki manhajar ta koma kan na asali da kanta. Ingancin abin da za ki miƙa wa masu biki ba ya raguwa ko kaɗan. Ki zaɓi rabin girma ko rubu'i, ki sa ta yi da daddare ko lokacin da kike girki. Illarsa guda ce, yana cin wuri: ProRes Proxy a girman 1080 yana kai wajen gigabait 20 a awa. Sannan ki mayar da layin aikinki 1080 ko da da 4K kika ɗauka. Ki tambayi kanki, cikin masu ba ki aiki mutum nawa ne suka taɓa kallon bikinsu a 4K? Filash ake soka wa a talabijin ɗin falo, gajeren kuma a tura a WhatsApp, shi ma ya sake matse shi. Amfanin 4K a bikin mata shi ne ki iya jawo fuskar amarya ko zanen lallen hannunta daga hoton da kika ɗauka daga nesa ba tare da ya dushe ba, wannan kuwa a layin 1080 ake cin moriyarsa.

Kafin ki sayi ko da kebul, ki yi wannan gwaji. Ki buɗe aikin da ya fi wahalar da ke, ki danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe, ki shiga shafin Performance, ki ajiye shi a gefe, sannan ki kunna bidiyon ki zuba ido. Za ki ga layuka suna motsi. In layin Disk ya manne a 100 cikin 100 alhali na CPU, wato furosesa, ƙwaƙwalwar da ke yin lissafi, yana ƙasa yana hutawa, faifai ne matsalarki. In Memory ta cika ta kai 7 da wani abu cikin 8, RAM ce, wato wurin da kwamfuta ke riƙe aikin da take kai a lokacin. In CPU ce ta manne a sama, kuma kika ga lambar saurinta tana faɗuwa bayan 'yan mintoci, zafi ne ya sa ta ja birki don kada ta ƙone. A irin laftof ɗin da kika kwatanta, ina kyautata zaton faifai da RAM za ki tarar sun cika tare.

In haka ne, gyaranki na farko ba shi da tsada. Had-dis mai juyawa irin na cikin laftof da ƙyar yake wuce megabait 100 zuwa 120 a daƙiƙa. SSD, wato faifan da ba ya juyawa, nau'in SATA yana kai wajen 550, nau'in NVMe kuma ya haura 3,000. Ki sa a cire had-dis ɗin a saka SSD, a kai RAM 16, in da hali sanda biyu masu girma ɗaya don suna aiki tare fiye da sanda guda. Adobe da kansu 16 suke ba da shawara ga 1080, 32 ga 4K. Sai dai a fara buɗe bayanta a duba, don wasu siraran laftof an like RAM ɗinsu a jikin allo, ba a ƙarawa. Tunda an buɗe, a cire fankar gaba ɗaya, ba a hura mata iska daga waje kawai ba. Tsakanin fanka da siraran ƙarafan da iska ke bi ta fita, za ki ga wani abu toka-toka ya yi kauri ya toshe hanyar, a ɗago shi da tsinke ya taso a dunƙule. Ƙurar hunturu ce da zaren bargo da na kafet suka haɗu. A cire shi, a goge busasshen man da ke kan furosesa a shafa sabo. Laftof da yawa da aka ce sun tsufa, wannan dunƙulen ne kawai ya shaƙe su. Daga nan kuma ta daina hawa kan katifa ko cinya. Tebur, da ɗan abin da zai ɗaga bayanta iska ta shiga.

Yanzu wuta, kuma a nan zan daɗe, don ita ce za ta amsa miki tambayar destof ko Mac, ba ni ba.

Lissafin ba wuya. Kowace na'ura tana da wat ɗin da take ja. Ki ninka shi da awannin aiki, ki samu abin da batir zai biya. Destof mai katin girafik, wato katin da ke sarrafa hoto, tana tsakiyar aiki, tare da allonta, ki ɗauka wat 300. Awa shida ya zama 1,800. Batirin ruwa ko na gel mai bolt 12 da amfiya 200, a takarda 2,400 yake ɗauka, amma in kina son ya yi ƙarko rabin kawai za ki riƙa sha, wato 1,200, inbata kuma ta ci nata kason wajen juya wutar. Abin da zai iso miki bai fi 1,000 da 'yan kai ba. Ke nan batir guda awa uku da ɗan wani abu zai riƙe destof, ba fanka, ba ƙwai, ba cajin kyamara. Ɗaya ɓangaren kuma, Mac mini, wato ƙaramar destof ta Apple, mai injin M1 da ta fito a 2020, Apple sun ce iyakar abin da take ja wat 39 ne, ta M4 ta 2024 kuma 65. Ki haɗa da allo, ba ki kai 100 ba. Batirin nan guda zai kai ki wuni. Wannan bambanci kuɗi ne tsagwaronsu: destof ɗin da ta fi araha a kanti za ta iya tilasta miki ƙarin batir biyu da faranti huɗu na sola, sai ki tarar ta fi tsada nesa ba kusa ba.

In za ki sayi batir sabo, ki duba na litiyam irin LiFePO4. Mai bolt 25.6 da amfiya 100 yana ɗaukar 2,560, kuma ana iya shan kashi 80 zuwa 90 nasa kullum ba tare da ya lalace ba. Yana jure caji da saukewa sau dubbai, na ruwa kuwa ɗaruruwa. Tsadarsa a ranar saye ce. Batirin ruwa kuma yana da wani maƙiyi a garinmu: masu ƙera shi da zafin digiri 25 suke lissafin shekarunsa, kuma kowane ƙarin digiri 10 yana cin kusan rabin rayuwarsa. Ki tuna yadda Kano take a watan Afrilu, ma'auni ya haura 40, sannan ki tuna inda ake yawan cusa batir, lungun da ko taga babu.

Inbatar ta zama mai fitar da tsaftatacciyar wuta, wadda masu sola ke kira fiyo sayin. Masu arahar nan da ke sa fanka gurnani ba na kwamfuta ba ne. Sannan ga wani abu da ko masu haɗa sola kan manta: yawancin inbatocin zamani suna da saiti biyu na karɓar wuta, ɗaya an rubuta UPS, ɗaya APL. A na UPS, in an ɗauke wuta tana juyawa kan batir cikin kusan kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa, kwamfuta ba ta ma ji ba. A ɗayan takan ɗan yi jinkiri, kuma tana barin wuta mai rauni ta wuce, sai ki ga destof ta mutu ta tashi kina tsakiyar fitar da aiki. Ki ce wa mai haɗawa ya sa miki a UPS, ki tsaya ya gwada a gabanki, kwamfuta a kunne ya kashe layin waje. Ƙaramar UPS ta ofis da aka rubuta wa 650VA kuma kada lambar ta ruɗe ki, wat ɗinta bai kai 400 ba, kuma mintoci take bayarwa, na ki adana aiki ki kashe. Ƙaramin janaretan nan da ake haɗa wa fetur da baƙin mai, kada ki jona masa kwamfuta kai tsaye, wutarsa hawa da sauka take. In dole ne, ya yi cajin batir, ke ki sha daga inbata. Ki kuma sa mai wayarin ya tabbatar soket ɗin ɗakin yana da wayar ƙasa. In kina taɓa jikin laftof tana caji kina jin tana ɗan tsikarinki, alamar babu ce. Da damina kuwa, in hadari ya taso da walƙiya, a zare filogi daga bango.

To, wacce za ki saya in lokaci ya yi? Ra'ayina, in gidanku ba shi da sola mai ƙarfi, Mac mini ko laftof mai kyau. Injinan Apple na jerin M suna da sashe na musamman da ke warware H.264 da H.265, har irin mai nauyin nan mai ɗauke da ƙarin bayanin kala, na bit 10 da 4:2:2, da sababbin kyamarori ke ɗauka, shi ya sa ƙaramar aba take jan 4K ba hayaniya. Amma ki san abin da kika shiga. RAM ɗinta ba a ƙarawa har abada, don haka kada ki karɓi mai 8 ko da an yi miki rangwame; 16 ne ƙasa, kuma tun ƙarshen 2024 sababbin ma daga 16 suke farawa. MacBook Air ba ta da fanka sam, a zafinmu takan rage gudu in aiki ya yi tsawo. Tsofaffin Mac masu Intel sun zo ƙarshen hanya, ki bar su. Masu gyaranta da kayan gyaranta ba su kai na Windows yawa ba. Kuma Mac mini ba ta da batir a ciki, ita ma sai da inbata.

In kuwa wuta ta wadata, destof tana da abin da Mac ba ta da shi: ana gina ta a hankali, bana RAM, baɗi kati. Core i5 ta ƙarni na 12 ko sama, RAM 32, NVMe mai terabait 1, da kati irin RTX 3060 mai gigabait 12 ko RTX 4060 mai 8, sun ishi aikin biki har da ragi. Ki kula da harafin ƙarshen sunan furosesa. Wadda ta ƙare da F, kamar 12400F, an cire mata girafik na ciki, tare da shi kuma aka cire Quick Sync, wato sashen Intel da ke warware bidiyo. 'Yan wasan gem ba ruwansu da shi, shi ya sa masu haɗa kwamfuta suka saba ba da ita don ta fi araha. Ke kuwa kina buƙatarsa, musamman da yake daga ƙarni na 11 yana warware H.265 mai 4:2:2, abin da katunan Nvidia ba su fara yi ba sai a jerin RTX 50 na 2025. Akwatin wutar cikinta ma kada a yi miki arha a kansa, wat 550 zuwa 650 na kamfanin da aka sani. Siraran destof na ofis da ake kawowa na hannu daga waje suna da kyau ga rubutu, amma wutarsu wajen wat 200 ce kuma babban kati ba ya shiga. Manyan tsofaffin nan masu Xeon, irin HP Z440, suna burgewa da yawan RAM a farashi mai sauƙi, sai dai ba su da Quick Sync, suna shan wuta, kuma ba sa cikin jerin da Windows 11 ta amince da su, ga shi Microsoft ta daina kula da Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025. Laftof ɗinki ta ƙarni na takwas ta tsallake da ƙyar, don daga kanta aka ja layin.

Sai ajiya. Kyamarar da ke ɗauka a megabit 100 tana cin gigabait 45 a awa. Biki na kwana uku, kyamara biyu, a ce awa takwas aka tara, gigabait 360 ke nan kafin furoksi. Had-dis ɗinki na 500 biki ɗaya ya cika shi, faifan da ya cika kuma nawa yake ƙarawa. Tsarin da nake so ki bi: manhaja a SSD na ciki, aikin da ke hannu a SSD na waje mai terabait 1 ko 2, sannan manyan had-dis guda biyu masu juyawa, na ajiya, don su ne suka fi araha a kowane terabait. Guda biyu na ce, kuma abu ɗaya ne a cikinsu. Ɗaya yana ɗakin aiki, ɗaya a wani ɗakin ko a gidan iyayenki, inda gobara ko ɓarawo ba za su haɗa su ba. Ranar da kika dawo daga wurin biki, komai gajiya, ki juye memori a wuri biyu, ki buɗe fayil uku ko huɗu ki ga suna tafiya, sannan ne kawai memorin ya halatta a goge. Na san wata mai irin sana'arki da faifanta guda yake gefen tebur yana juyawa, yaro mai rarrafe ya ja kebul ɗin, ya faɗo daga tsayin da bai kai ƙugu ba. Da aka jona shi sai ƙas-ƙas-ƙas yake yi. Biki biyu ne a ciki, memori kuma an riga an goge an tafi wani aikin da shi. Faifai ya zauna can cikin tebur ta jikin bango, kebul ɗin a ɗaure. Ɗora komai a intanet kuwa, da tsadar data da jinkirin lodi, ba zai yiwu ga ɗanyen aiki ba. Fayil ɗin aikin manhaja da bidiyon da kika gama su kaɗai ki ɗora.

Memori da filash na jabu sun cika kasuwa, a rubuta 128 alhali cikinsa bai kai ba, sai ya yi ta karɓa yana taka na farko. Akwai 'yar manhaja kyauta, H2testw, da ke cika shi ta karanta ta faɗa miki gaskiyar girmansa. Duk sabon da kika saya ki gwada kafin ya je biki. Na 4K ya kasance da alamar V30 aƙalla. Ki kuma duba ramin da kike sokawa, don USB 2 bai wuce megabait 40 a daƙiƙa ba komai tsadar SSD ɗin da kika jona masa. Filash ɗin da za ki miƙa wa masu biki, in FAT32 ne ba ya karɓar fayil da ya haura gigabait 4, wasu talabijin kuma ba sa karanta exFAT. MP4 a H.264, girman 1080, ki gwada a talabijin ɗin gidanki kafin ki aika.

Akwai wata magana da ta shafe ki fiye da maza masu wannan sana'a. An zaɓe ki ne don mata su saki jiki, su cire mayafi su yi rawa, da sanin mace ce ke ɗauka kuma mace ce za ta tace. Abin da ke cikin faifanki amana ce. Ki sa wa kwamfuta kalmar sirri, ki kulle faifan da BitLocker in Windows ɗinki Pro ce, ko FileVault a Mac, ki rubuta mabuɗin a takarda ki adana, don in ya ɓace ke ma ba ki shiga. In za a kai gyara, a zare SSD ɗin ya kwana a gida, ko ki zauna a yi a gabanki. Ƙannen miji da 'ya'yan maƙwabta masu zuwa kallon fim ko tura waƙa, ba a wannan kwamfutar ba. Wannan ma shi ne babban dalilin da zan hana ki manhajar sata. Ta cikin irin waɗannan fasassun manhajoji ake yawan shigo da ƙwayar da ke kulle duk fayilolin mutum ta nemi kuɗin fansa. Premiere haya ce ta wata-wata tun da Adobe suka mayar da sababbin sigoginta na haya zalla a 2013. In biyan dala ya yi nauyi, DaVinci Resolve ta kamfanin Blackmagic tana da ta kyauta, halastacciya, ba tambari a kan hoto, tana fitar da har 4K, kuma wajen gyaran kala babu kamarta. Ta kuɗin dala 295 ce sau ɗaya. Sai dai tana son RAM 16 da kati mai ɗan ƙarfi, kuma ta kyautar a Windows takan ƙi wasu fayiloli masu bit 10. CapCut ta isa ga gajeren da za a sa a sitatus.

Ɗakin kansa ba ya son kuɗi da yawa. Tebur ya ba taga gefe, kada ta kasance a bayanki tana haska allo, kada kuma a gabanki tana kashe miki ido, a sa labule mai kauri. In bangon da ke bayan allo ruwan hoda ne ko kore, a shafe shi da toka-toka, don ido yana sabawa da kalar da ta kewaye shi, sai ki yi ta gyara fatar amarya tana karkata ba ki sani ba. Ƙwan ɗakin fari mai lamba 6500K, iri ɗaya dare da rana. Allo inci 24 ko 27, nau'in IPS, mai cika kalar sRGB kusan 100 cikin 100, ki rage haskensa sosai daga yadda ya zo. Kada ki gyara kala a talabijin, an ƙera shi ne ya ƙawata hoto. Kin fi ni sanin cewa uwar amarya za ta yafe miki yanka mara kyau, amma ba za ta yafe ankon da suka zaɓa ruwan goro ya fito ja ba. Ki koyi karanta ma'aunan haske da na kala da ke cikin manhajar, su ba sa gajiya da yamma yadda ido ke yi. Kujera kuma mai tallafe baya, saman allo daidai da idonki.

Sauti ya fi allo muhimmanci a aikin biki, ga guɗa, ga kiɗan ƙwarya, ga sifikar DJ da ke fasa makirfo. Hedifon mai waya, mai rufe kunne, irin Sony MDR-7506 ko Audio-Technica M40x, ya fi miki manyan sifiku a ɗakin tayil mai amsa-kuwwa, kuma ba ya tashin yara. Na Bluetooth yana jinkiri, baki ya motsa magana ta biyo baya. In za ki ɗora murya a ɗakin, kafet da labule da katifa a jingine sun isa. Kwalin ƙwai da ake mannawa a bango ba ya tare ƙarar waje. In YouTube za a sa, ki daidaita ƙarfin sautin wajen -14 LUFS, sannan ki saurara a sifikar waya, don a nan mafi yawa za su ji.

Abu biyu kuma daga wajen ɗauka da ke sauƙaƙa tacewa. Wutarmu mai bugu 50 ce, a Najeriya da Nijar duka, don haka ki sa kyamara a hoto 25 ko 50 a daƙiƙa, ba 30 ko 60 ba, in ba haka ba fitilun zauren biki za su riƙa yi miki rawa a hoto, cire shi kuma azaba ne. Bidiyon da ƙawayen amarya ke turo miki daga waya yawanci saurin hotonsa ba tsayayye ba ne, shi ke sa sauti ya zame. Ki bi da shi ta HandBrake, kyauta ce, ki mayar da shi tsayayye kafin ya shiga aiki. Na iPhone daga 12 zuwa sama kuma a HDR, wato tsarin haske mai ƙarfi, yake zuwa in ba a kashe ba, sai ki ga ya yi fau ya bambanta da sauran.

Ranar da za ki sayi injin, ko a Beirut Road ne ko Farm Centre ko aike za a yi Legas, in na hannu ne kada a biya sai an gwada da aikinki. Ki tafi da SSD ɗinki da ɗanyen bidiyon kyamararki na minti goma sha biyar, a fitar da shi a gabanki, kina kallon zafi a manhajar HWiNFO. In ya manne a digiri 95 zuwa 100 tun ba a yi nisa ba, a kawo wata. CrystalDiskInfo zai nuna awannin da faifan ya yi yana aiki da lafiyarsa. A laftof ta Windows, umarnin powercfg /batteryreport yana fito da abin da ya rage na batir idan aka gwada da yadda aka ƙera shi. In Mac ce, mai ita ya fita daga iCloud ɗinsa, a goge ta, a tashe ta daga farko da intanet a jone, ki shiga da naki asusun a nan cikin shagon, don wadda ke kulle da sunan wani ko na wani kamfani ba ta da amfani a wajenki. A rubuta lambar jikin injin da kwanakin garanti a rasit. Tsohuwar laftof ɗin kuma kada ki sayar; da SSD a cikinta, ita za ki riƙa ɗauka zuwa wurin biki kina juye memori tsakanin kamu da dina.